Majigin Ɗantani

A cikin wata guda Ɗantani ya kashe idon leza bakwai, kuma duk mutuwa iri ɗaya suka yi. Da ya jona waya sai jan haske ya faso, ya tsaya a bangon shago kamar kan allura, kafin ya gyara zama ya dushe, ya koma kamar garwashin da ya kwana. Sai ya cire mataccen ya jefa a gwangwanin madara, ya jawo rediyon wani ya ci gaba da aikin mutane.

Mai gyaran rediyo da bidiyo ne a wata kwana ta Kasuwar Libya a Umdurman ta ƙasar Sudan, amma bai taɓa ɗaukar kansa mai gyara ba. Kakansa ya taso daga Haɗeja da niyyar Makka, ya tsaya a gonakin audugar Jazira don ya ɗan huta, hutun da zuriyarsa ke yi har yau. Ɗantani ya shigo birni yana saurayi, ya shekara goma sha huɗu yana harba majigi a wata silima marar rufi. Da sojoji suka hau mulki aka fara da hana yawo, sannan aka shiga yanke fim, har ta kai idan namiji ya miƙa wa mace hannu sai kawai a ga jirgin ƙasa yana wucewa. Shi ne mai riƙe almakashin. Daga baya mai silimar ya gaji, ya bar wa 'yan siminti wurin suka mai da shi sito.

Bikin 'yar ƙanin matarsa ne ya tayar masa da tsohon ciwo, a ƙarshen shekarar 2010, a wani zauren biki a Khartoum. An ɗora wani ɗan akwati a kan sanda, yana zana furanni da haske a jikin bango. Mutane na cin nama, Ɗantani na tsaye a ƙarƙashin sandar da kai a sama. Mai kayan kiɗan ya gaya masa daga Dubai aka zo da shi, kuma ba a taɓawa. Da ya ga dattijon ba shi da niyyar matsawa, sai ya ƙara da cewa idon da ke ciki irin wanda ke cikin injin buga faifan kwamfuta ne. Ɗantani kuwa yana da matattun injinan nan buhu guda a ƙarƙashin teburi.

Washegari ya fara farke su. Idon ɗan ƙarfe ne da bai kai ƙwayar masara ba, da ƙafafu uku sirara kamar gashin gemu, masu sana'ar suna ce masa dayod. Ya gwada shi da batirin tocila biyu, ya gwada da uku, ya gwada da cajar waya. Kullum idan ya koma gida a unguwar Umbadda, matarsa Sittana takan ajiye masa kisra, wainar dawar ƙasar, da miyar kuɓewa, ta tambaye shi ko ya mutu. Ya ce ya mutu. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri, ta miƙo ruwan wanke hannu.

Duk wannan a kan idon Bakhita aka yi shi. Teburinta na bakin shagonsa, rumfa ɗaya suke sha wa inuwa shekara tara. 'Yar Kudu ce, daga wajen Wau aka zo da ita tana goye, ta yi shekara goma sha tara tana liƙin dalma a wata masana'antar haɗa rediyo a Bahri, arewacin Khartoum, kafin a rufe ta. Yanzu caja da wayoyin hannu take gyarawa. Ita kaɗai ce macen da ake ce wa Usta a layin, sunan da ake ba wanda ya gama ƙwarewa a aikin hannu. Ba ta shiga abin da ba a sa ta ba. Ta ga jan haske ya faso ya mutu sau bakwai, ba ta ce uffan ba, shi ma bai tambaye ta ba, don a ganinsa wanda ya riƙe majigin silima ba zai nemi shawara a kan abin da bai kai ƙwayar masara ba.

Na takwas ɗin ya fi 'yan uwansa tsawon rai. Ɗantani ya sa masa ɗan gilashin tattara haske, ɗigon ya fito tsaf. Daɗi ya kama shi, ya ɗauke shi a hannu yana zagaya shago da shi. Hasken ya faɗa kan farantin shayi na silba da ke gefen teburi, ya dawo masa cikin idon hagu. Bai ji zafi ba. Wani kore-kore ya gani, sai ya ƙifta, ya murza idon, kafin ya gama murzawa na takwas ma ya bi sauran.

A masallaci da azahar ya lura idan ya rufe idon dama, wani ɗan baƙin ɗigo yana zaune a kafaɗar liman. Ya kalli bango, ɗigon ya koma bango. Ya kwana uku yana jiran ya tafi. A na huɗu Sittana ta ɗauki mayafinta ta tsaya a bakin ƙofa har ya tashi, suka hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa wurin wata likitar ido, Dakta Ghada.

Likitar ta ɗiga masa magani, ta leƙa da fitilarta ta daɗe. Ta ce ƙuna ce a can bayan ido, ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma da ta goce kaɗan zuwa tsakiya da ya yi sallama da karatu da wannan idon. Ta ce babu maganin sha, babu na shafawa.

"Zai tafi?" in ji Ɗantani.

"Zai rage, ya Haj. Ba zai tafi ba. Me kake haɗawa haka?"

"Majigi."

"Wane fim za ka nuna?"

Ya ce ba a kai ga fim ba tukuna. Ta rubuta wani abu a takarda, ta miƙa wa Sittana, ba shi ba.

Da safe ya buɗe shago, ya share gabansa, ya share har ƙarƙashin teburin Bakhita, abin da bai taɓa yi ba. Sannan ya ɗauko gwangwanin madarar ya ajiye mata a gaba, ya tsaya yana kallon titi. Ta zazzage su a tafin hannu, ta juya ɗaya da ɗan hantsakinta.

"Ya Haj, me kake ba su?"

"Wuta mana, Usta."

"Nawa?"

Bai taɓa aunawa ba. Ta jawo masa kujera. Da Larabcin kasuwa ta yi masa bayani, ba ta ɗaga murya ba, hannunta kuma bai bar cajar da take gyarawa ba. Ta ce ƙwan fitila ya san cikinsa, yana shan abin da ya ishe shi ya bar saura. Dayod bai san ƙoshi ba. Duk wutar da aka ba shi zai shanye, yana sha yana zafi, yana zafi yana ƙara sha, har ya ƙone kansa. Don haka ba ƙarfin batir ake dubawa ba, yawan abin da ke kwarara ake aunawa, a tsayar da shi wuri guda. Ta ce biyu daga cikin takwas ɗin ma wataƙila tun kafin ya jona su aka ji musu ciwon ajali, saboda a irin wannan busasshen gari wutar da ke jikin rigar mutum ta isa ta kashe su.

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun farko. Ta ce ba a tambaye ta ba. Sannan ta ce amma da ta san zai sa masa gilashi da ta taso, kuma wannan ta ɗauke shi laifinta ne.

Ta yarda za ta taya shi, bisa sharuɗɗanta. Ba za a sake kunna komai ba sai an samo tabarau na leza, ba na walda ba, ba na rana ba, wanda aka rubuta lambar jan haske a gefensa. Ɗantani ya ce a duk Umdurman babu. Ta ce to, a duk Umdurman ba za a kunna ba. Sittana ta buga wa yayanta da ke tuƙi a Jidda, ya yi alkawarin zai nemo guda biyu ya ba wani mai dawowa daga Umra.

Jiran ya ɗauki sati bakwai, suka cinye shi a aiki. Bakhita ta haɗa ma'aunin wutar a kan ɗan allo kamar akwatin ashana: wani baƙin abu mai ƙafa uku da ta ciro daga tsohuwar talabijin, da resista, da kafasita. Ba ta bari an kai shi kusa da idon leza ba. Ta jera dayod huɗu na banza, irin na cikin caja, su tsaya a madadinsa, ta sa mita tana dubawa kwana biyu, har ta tabbata allurar ba ta motsi ko an kunna an kashe sau ɗari. Ta hana a ɗauki wuta daga bango, don wutar gari idan ta tafi ta dawo, da hauka take dawowa. Suka samo batirin raksha. Makunnin ma na raksha ne, mai mukulli, mukullin kuma a wuyanta yake kwana. Wani mai ƙera tukwanen alminiyom ya zuba musu dunƙule kamar sabulu, aka huda shi aka dasa idon a ciki don ya riƙa shanye zafi.

Ɗantani ya koyi taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya taɓa komai. Ya koyi ɗaure ƙafafun idon da siririyar waya har sai an gama liƙi, da sauke wutar da ta kwanta a kafasita kafin a jona. Aikin madubai kuwa nasa ne, nan Bakhita ba ta sa baki ba. Ya ciro 'yan injinan juya kaset guda biyu, ya manna wa kowanne ɗan madubi a karkace, yadda haske zai daki na farko ya faɗa na biyu ya wuce bango. Ya yi sati yana saita su da zare da tocila, yana rufe idon hagu.

A cikin makonnin nan ne aka kaɗa ƙuri'ar raba ƙasa. Kasuwa ta cika da magana, teburinsu kuwa shiru. Wata ranar Talata, tana cikin liƙa waya, Bakhita ta ce masa ƙanwarta ta sa sunansu a motar da za ta kai mutane Kosti, daga can a hau jirgin ruwa zuwa Kudu. Ta ce an gaya musu nan da 'yan watanni baƙi za su zama. Ɗantani ya tambaye ta ko ta san wani a Wau. Ta ce ta san sunan unguwarsu. Sai ya ce mata dalmar nan ba ta kama da kyau ba. Ta duba, ta ce ta kama.

Tabarau suka iso a cikin kwalin dabino, shuɗaye masu kauri. Ranar da za a gwada, suka ja ƙofar shago rabi, suka kwashe duk wani abu mai ƙyalli. Ba su kai ga murɗa mukulli ba sai ga mutum ya sunkuyo ya shigo. Kowa a layin ya san shi, kodayake ba wanda ya san sunansa: mai rigar safari ruwan toka da ke wuni wurin mai shayi da jarida ɗaya. Ya yi sallama cikin ladabi. Ya kalli batir, ya kalli wayoyi, ya kalli mukulli, ya daɗe yana kallon Bakhita. Ya ce an gaya masa ana haɗa wani abu a nan, kuma a irin wannan lokaci ya kamata a san mene ne.

Ɗantani ya san mutanen da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba. Ya ce majigi ne. Mutumin ya ce a kunna ya gani.

Bakhita ta ce ba a kunnawa sai kowa ya sa tabarau, biyu ne kuma kawai. Ta miƙa wa baƙon ɗaya, ta sa ɗaya, ta ce Haj ya fita waje ya juya baya. Haka Ɗantani ya tsaya a rana a ƙofar shagonsa, yana kallon masu tura baro, a lokacin da aka fara kunna majiginsa. Ta bayansa yake jin komai. Ya ji ƙarar mukulli. Ya ji shiru.

"Ina hasken?" in ji mai safari.

"Ga shi can a bango."

"Wancan ɗan ɗigon?"

Tabarau ɗin aikinsu ke nan, su shanye jan haske su bar abin da bai fi ƙyallin taba ba. Mutumin ya kai hannu zai cire, Bakhita ta murɗe mukulli. Ta ce ka'ida ce. Da alama mutum ne mai girmama ka'ida, don bai yi musu ba. Ya fito yana share gumi, ya tambayi Ɗantani wata nawa suka yi a kan wannan abu. Ya ce kusan uku. Mutumin ya dube shi da tausayi, ya ce akwai tocila 'yar Sin a bakin kasuwa da ta fi wannan haske, ya rubuta layi biyu a ɗan littafinsa, ya koma wurin mai shayi.

Ɗantani ya shiga, ya sa tabarau, aka sake murɗawa. Ɗigon ya tsaya. Minti ɗaya, minti biyar. Allurar mita ba ta motsa ba. Ya taɓa alminiyom ɗin ya ji ɗumi kaɗan, kamar goshin yaro mai lafiya. Ya zauna a kan buhun injinan, Bakhita kuma ta koma teburinta don wani na jiran caja.

Aka sa ranar nuni Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarta, bayan la'asar, a ɗakin baƙi na gidansa. Tun safe Sittana ke kwashe kaya, don Usta ta ce kada a bar madubi, ko faranti, ko kofin gilashi, ko agogon bango. Kabad ɗin kayan aurenta gaba ɗaya aka rufe da bargo. Ta ce shekara talatin tana goge kayan nan su yi ƙyalli, yau an ce ƙyallin ne laifinsu. Aka toshe tagogi da tabarmi. Ɗantani ya ɗora majigin a kan teburi yana fuskantar farin bango, ya ja layi da alli a ƙasa, ya ce kowa ya zauna a bayan layin, kuma ba mai tashi sai an kashe. 'Yan kallo biyar ne: Sittana, da ƙanwar Bakhita, da maƙwabta uku da suka zo don sun ji ƙamshin gahawa.

Shi da Bakhita suka sa tabarau suka saita. Ta rage wutar ƙasa da rabi, ta rufe madubai da murfin kwali mai ƙaramar taga ta gaba, sannan ta ce ana iya cirewa. Ya kunna injin farko, ɗigon ya zama zobe. Ya kunna na biyu, zoben ya karye ya zama fure mai ganye biyar, ya juya a hankali, ya zama tauraro, ya zama wani abu kamar saƙar faifai, ja wur a kan farin bango. Sittana ta riga ta sa turaren wuta a kasko saboda baƙi. Da hayaƙin ya taso ya ratsa gaban teburin, sai hanyar hasken ta bayyana a iska, daga bakin kwali har bango, tana murɗawa. Ɗantani ya daina kallon bangon, ya koma kallon wannan.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, rediyon maƙwabta ta yi shiru, furen ya ci gaba da juyawa abinsa.

"Shi ke nan fim ɗin?" in ji Sittana.

"Shi ke nan."

"Babu mutane a ciki?"

"Babu."

Ta ce to, ta gyara zama. Ba wanda ya tashi. Bayan minti goma Bakhita ta taɓa alminiyom, ta kashe don ya huce, aka sha gahawa a kofunan roba cikin zufa. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce shi ya ga kamar kunama a ciki, wani ya ce ba kunama ba ce, fanka ce. Ƙanwar Bakhita ta nemi a maimaita mai ganye biyar ɗin. Aka maimaita sau uku, har aka kira magariba.

Kafin su fita Sittana ta jawo Bakhita cikin gida, ta ɗora mata ƙullin busasshiyar kuɓewa da dabino da wani sabon mayafi da ba ta taɓa sawa ba. Suka daɗe a ciki. Da suka fito idanunsu duka sun yi ja, Sittana ta ce hayaƙin turaren ne. A bakin ƙofa Bakhita ta cire mukullin daga wuyanta. Ɗantani ya miƙa hannu, ta ba Sittana.

Ranar Lahadi motar ta tashi daga wani fili a kudancin Khartoum, an ɗaure gadaje da kujeru da ƙofofin gida a samanta. Ɗantani ya je rakiya, ya taya ɗaure teburinta, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin, ya Haj. Kafin sati ya zagayo wani mai sayar da takalman roba ya kama wurinta a ƙarƙashin rumfa. Mutumin kirki ne, sai dai yana da surutu.

Bayan kwana arba'in wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar gyaran wata rediyo. Bakhita ce, daga Kosti. Ta ce har yanzu suna bakin kogi, jirgin bai zo ba, an ce wata mai zuwa, watan jiya ma haka aka ce. Mutane dubbai ne a wurin, kowa da waya, kowace waya da matacciyar caja. Ta kafa teburinta a ƙarƙashin wata bishiya, tana ɗora ƙarfen liƙi a kan gawayi. Dalmarta ce ta ƙare.

"Siririyar nan, ya Haj, ba mai kaurin ba. Ka ba direban motar Kosti, ka ce Usta ta bakin kogi."

Ya tambaye ta ko akwai wani abin kuma. Ta yi tunani, ta ce idan an samu ɗan hantsaki, nata ya faɗa ruwa. Ya ce an samu. Ya ajiye rediyon a buɗe, ya ce wa mai takalma ya duba masa shago, ya sa hularsa ya nufi layin masu kayan lantarki.